Jeren ƙananan kayan gida ya haɗa ni da maigidana da mahaifiyarsa

Assalamu alaikum, Anti. Ni matar aure ce mai shekara 33, 'yar asalin Arewa, muna zaune a Agege cikin ɗaki da falo na haya. Maigidana yana kasuwancin kayan gwari a Mile 12, ni kuma ina ɗinki a gida. 'Ya'yanmu biyu, mace mai shekara bakwai da namiji mai shekara biyu.

Tun da mahaifiyata ta rasu shekara biyu da suka wuce na rasa abin da ke yi mini daɗi, barci ma ya ƙaurace mini. Ana cikin haka na ci karo da bidiyon masu haɗa ƙananan gidaje irin na 'yar tsana, da gadaje da kujeru da tukwanen da ba su wuce tsawon yatsa ba. Na yi odar saiti ɗaya daga waje, daga nan abin ya shiga raina. Yanzu ina da gida mai ɗaki huɗu a kan sif ɗin falo, har da fitilu da 'yan mutane da kyanwa. Idan yara sun kwanta na zauna ina jera su, sai in ji zuciyata ta yi sanyi.

Laifina shi ne na riƙa faɗa wa maigida farashin da ba shi ne ba. Da na kwashi adashi, wanda muka yi da shi cewa keken ɗinki zan saya, sai na kashe fiye da rabi a kan waɗannan kaya. Ya ga saƙon banki a wayata. Bai yi faɗa ba, ya ce kawai, “Ashe haka muke?” Tun ranar gaisuwa ce kaɗai ke haɗa mu. A makon kuma Hajiya, mahaifiyarsa, ta zo daga gida. Ta ce mala'iku ba sa shiga gidan da ke da mutum-mutumi, kuma uwar 'ya'ya da ke wasan 'yar tsana ruƙiyya take buƙata. Kwana biyu bayan nan ita ta zaro ƙaramin kofi daga bakin ɗana. Yanzu ta ce sai an zubar da komai kafin ta koma. Anti, in zubar ne in huta?

Wata baiwar Allah, Agege

Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Allah Ya jiƙan Mama, Ya kyauta makwancinta, Ya ƙara miki haƙurin rashi. Na karanta wasiƙarki a tsanake, kuma na lura kin tattara laifin duka kin ɗora wa ƙaramin gidan nan, alhali a cikin abubuwan da suka faru shi ne mafi ƙarancin laifi. Ban ga dalilin zubar da shi ba. Akwai dai gyare-gyaren da suka zama dole, kuma wasunsu za su yi miki nauyi a baki kafin ki iya furta su.

Lafiyar yaron ba ta jira, saboda haka da ita za ki fara yau ɗin nan. A wannan Hajiya tana da cikakkiyar gaskiya, kuma kina da bashin godiya a kanki. Yaron da bai kai shekara uku ba duk abin da ya tsinta baki yake kai wa, hanyar numfashinsa kuma ƙanƙanuwa ce, shi ya sa ake rubuta gargaɗi a jikin kwalin irin waɗannan kaya cewa ba na 'yan ƙasa da shekara 3 ba ne. Duk abin da zai iya ratsa ramin kwalin da ake naɗe tishu a kansa, to ki ɗauka zai iya shaƙe ɗanki. Wanda ya fi kofin haɗari shi ne ƙaramin batir mai kama da maɓalli da ke kunna fitilun, domin idan yaro ya haɗiye shi ya maƙale a maƙoshi yana iya ƙone naman wurin cikin awa biyu, ƙananan maganaɗisu ma suna da haɗari idan aka haɗiye fiye da ɗaya. In hakan ta taɓa faruwa, Allah Ya kiyaye, asibiti za a nufa nan take, ba a tsaya ƙoƙarin sa shi amai ba. Ki kwashe ƙananan kayan cikin roba mai murfi mai kamawa ki ɗaga sama, ki share ƙarƙashin kujeru da bayan sif, sannan ki kira kafinta ya yi wa gidan ƙofar gilashi ko ta roba mai haske da kwaɗo, ya kuma ɗaure sif ɗin da bango, tunda yaro mai shekara biyu idan ya hango abin sha'awa a sama hawa zai yi.

Batun cewa wasan yara kike yi kuwa, kada ya sa ki jin kunyar kanki. Manya ne suka fara wannan abin kafin ya zama na yara. A Amstadam ta ƙasar Holan, Petronella Oortman, matar wani attajirin ɗan kasuwa, ta shafe shekarun 1686 zuwa wajen 1710 tana haɗa nata gidan a cikin wani kabad na alfarma, tana sa masassaƙa da maƙera su yi mata kayan ɗaki daidai da na gaske, kuma har yau mutane suna zuwa kallonsa a gidan tarihi na Rijksmuseum. A Ingila, tsakanin 1921 da 1924, an gina wa Sarauniya Mary wani wanda Edwin Lutyens ya zana, mutumin da ya tsara manyan gine-ginen gwamnati na birnin New Delhi. Ruwa yana zuba a famfunansa, lantarki yana kamawa, lif yana hawa da sauka, ga ɗakin karatu cike da ƙananan littattafai, kuma yana nan a fadar Windsor. Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Idon da kike auna inda kujera za ta zauna da inda labule zai sauka shi ne idon da iyayenmu mata suke yin jeren amarya da shi, su ɗora kwalla kan kwalla, samira kan samira, su ja da baya su duba, su dawo su gyara. Macen da ta rasa mahaifiyarta tana nesa da dangi, a garin da kowa ke sauri, ta sami aikin da ke riƙe mata hannu da hankali a lokacin da dare ya fi yi mata tsawo, ni ban ga alamar taɓuwa a nan ba.

Sai dai ki lura da waɗanda na ambata: matar attajiri da sarauniya. Ana cewa abin da Petronella ta kashe ya kai kuɗin gida na gaske a bakin ruwa a garinsu. Wannan sha'awa tun asali mai cin kuɗi ce, kuma cinta a ɓoye yake, domin kowane abu shi kaɗai ƙarami ne, farashinsa ma kamar ba komai ba, sai an tara ake ganin ramin. Ga shi kuma da dala ake sa wa kayan waje farashi, a ɗora kuɗin dako, kuma tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023 duk abin da ake shigowa da shi ya yi tashin gwauron zabi. Abin da kika fara da shi a matsayin saiti ɗaya ba zai tsaya a nan ba muddin ba ke kika tsayar da shi ba.

Yanzu ki dubi maigidanki da idon adalci. Mutumin da ke fita tun kafin gari ya waye, wanda jarinsa tumatir ne da tattasai da attaruhu, kayan da idan mota ta yi lattin kwana ɗaya a hanya daga Arewa sai a zubar da kwanduna, wanda kuma mai gida ke jiransa da kuɗin haya na shekara guda a dunƙule, kowace naira a wurinsa tana da gumi a jikinta. Duk da haka ba na jin kuɗin ne suka fi yi masa ciwo. Kalmarsa ta nuna inda ciwon yake. Ya tambaye ki farashi kin faɗa masa wani, ya yarda, kun yi magana kan keke ya saki jiki, sai waya ce ta faɗa masa gaskiya. Yanzu yana zaune yana tambayar kansa ko akwai wasu abubuwan da aka rage masa. Gaskiya ne kuɗin ɗinkinki da adashinki naki ne, addini ma ya ba mace ikon dukiyarta, amma alkawarin da kika ɗauka da maganar da ba haka ba su ma naki ne. Ina roƙonki kada kalmar “ai kuɗina ne” ta fito daga bakinki a zaman farko, domin za ta rufe ƙofar da kike son buɗewa.

Ga yadda nake ganin za ki yi. Ki ɗauki takarda ki bi saƙonnin banki ɗaya bayan ɗaya, ki rubuta duk abin da kika kashe tun daga odar farko, kada ki rage ko sisi, domin idan kika rage ya gano daga baya, gyaran zai fi na yanzu wuya. Ki nemi lokacin da ya ci abinci ya huta, bayan isha'i, yara sun yi barci, Hajiya ba ta kusa. Ki miƙa masa takardar da hannunki, ki ba shi haƙuri a kan ɓoyewar ba tare da kawo uzuri a jumla ɗaya da ban haƙurin ba. Sai ya saurara sannan ki faɗa masa abin da ƙila bai taɓa ji daga bakinki ba, wato yadda dare yake yi miki tun rasuwar Mama, da abin da zaman jeren nan yake rage miki. Maza da yawa suna ɗauka cewa idan an yi sadakar arba'in an share hawaye to an wuce wurin, kuma idan shekara biyu kina kwana ido biyu bai lura ba, shi ma akwai nasa sakacin, amma ba ranar za ki tuhume shi ba. Ki zo da shirinki a hannu: babu sabuwar oda har sai keke ya shigo gida, kayan da ba ki buɗe ba da waɗanda kike da irinsu biyu za ki sayar, zubin adashi na gaba kuma na keke ne. Bayan nan ku yanke wani abu ƙayyadadde a wata daga kuɗin ɗinkinki, wanda ya sani, wanda idan ya ƙare ya ƙare.

Kada ki sa ran zai sake a daren. Ki ba shi kwanaki, ki ci gaba da kyautata masa kamar yadda kika saba, ba tare da naci ba. Idan mako biyu suka wuce yana nan a kan shirunsa, to shirun ya fara zama horo, kuma ba a zaman aure da gaba. A nan sai ki nemi babba guda ɗaya da yake jin nauyinsa, yayanki ko amininsa, ya zaunar da ku. Kada Hajiya ta zama alƙalin wannan shari'a, ba don ba ta da adalci ba, sai don uwa ba ta iya jin an ɓoye wa ɗanta kuɗi ta mance da wuri.

Maganar mala'iku da Hajiya ta kawo tana da tushe, kada ki yi mata kallon camfi. Hadisin ya tabbata a Bukhari da Muslim. Amma malamai sun bambanta tsakanin surar abu mai rai da ta marar rai. An ruwaito cewa wani mai sana'ar yin surori ya zo wurin Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya yarda da su, sai ya ce masa idan ba makawa ya yi itatuwa da abin da ba shi da rai. Gado da kujera da tukunya da labule, kai har gidan kansa, duk suna cikin wannan sashe. Haka kuma ya tabbata cewa Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta yi wasa da 'yan tsana tare da ƙawayenta a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma daga nan ne malamai suka yi rangwame ga 'yan tsanar yara mata. A mazhabar Malikiyya da aka fi bi a ƙasarmu, abin da aka hana shi ne surar mai rai wadda take da inuwa kuma gaɓoɓinta suka cika, ban da na wasan yara. 'Yan mutanenki da kyanwar da aka ajiye don ado su ne wurin maganar, saboda haka shawarata ki fitar da su, ki kuma tambayi malamin da ku duka kuka yarda da shi don hankalin kowa ya kwanta. Ɗakunan ba za su yi asarar komai ba. Masu wannan aiki da yawa da gangan suke barin ɗaki babu mutum, su ajiye takalmi a bakin ƙofa, buta a gefe, sallaya a shimfiɗe, mai kallo ya ji kamar yanzu mai ɗakin ta fita.

Na san maganar ruƙiyya ta sosa miki rai, kuma ba ta dace ba. Ki bar ta ta wuce. Dattijuwa ce da ta zo ta tarar da ɗanta ba ya walwala, ta ga abin da ba ta saba gani ba, sannan ta ciro abu daga bakin jikanta da yatsanta; tsoro ne ya yi magana. Ki same ta ki durƙusa, ki ce, “Hajiya, na gode da kika ceci yaron nan, na ji maganarki, na fitar da mutum-mutumin, sauran kuma an sa musu kwaɗo.” Batun zubarwa ki bar wa ɗanta, shi ya san yadda zai lallashe ta, kuma wannan wani dalili ne da ya sa zama da shi ya kamata ya riga zama da ita.

Akwai kuma hanyar da za ki ci gaba ba tare da dala ba, kuma ina ganin ta fi wadda kike kai daɗi. Ke tela ce, aikin hannu ba baƙonki ba ne. Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne 1 bisa 12, wato kowace ƙafa ɗaya ta gaske ta zama inci ɗaya. Ɗaki mai ƙafa 12 a kowane gefe zai zama akwati mai inci 12, kimanin santimita 30. Gado mai ƙafa 6 zai zama inci 6. Ƙofa mai mita 2 ta koma kusan santimita 17. Faranti mai faɗin santimita 24 ya koma 2. Da tef ɗin awonki da wannan lissafi kin gama da sayen kujerun waje. Guntayen katako marasa kauri suna zube a shagon kowane kafinta, farin gam na kafinta ya fi gam mai kamawa nan take tsabta a kan katako da yadi, fenti mai narkewa da ruwa kuma ba ya cika ɗaki da wari. Murfin man goge baki yana zama bokiti, murfin kwalbar lemo idan aka shafe shi da farin fenti aka ɗiga masa jan fure da koren ganye da kan tsinken sakace sai ya fito tasa sak, siririyar waya kuma tana lanƙwasuwa ta zama gadon ƙarfe mai rumfa. Wajen yadi ki zaɓi ƙyalle mai ƙananan zane, domin furen atamfa guda ɗaya zai iya rufe gadon gaba ɗaya ya tona girman abin, kuma tsohon yadi da ya sha wanki ya fi sabo kwanciya. Abin da babu a kwandon ƙyallenki, rabin yadi a kasuwar Balogun ko ta Tejuosho zai ishe ki shekara.

Da waɗannan nake so ki gwada ɗaki guda ɗaya tak, a cikin akwatin da zai zauna a kan sif ba tare da ya cinye falon ba: ɗakin Mama kamar yadda kika san shi, da jerenta da randarta da faifan da ke rataye a bango. Babu kamfanin waje da ke sayar da wannan. Inda kika mance yadda ake ɗora kwalla da langa da fanteka, Hajiya ta sani, domin a zamaninta aka yi, kuma zai yi wuya a tambayi dattijuwa yadda aka yi mata jere ta ƙi buɗe baki. 'Yarki mai shekara bakwai ta isa ta riƙa shafa fenti da yanka ƙyalle a gefenki idan ƙaninta ya yi barci, ki koya mata ƙirga kayan kafin a rufe roba.

Yanayin Legas ma sai kin yi shiri da shi. Daga Afrilu zuwa Oktoba danshi yana kumbura kwali, ya sa wa yadi fumfuna, ya sa wa waya tsatsa, don haka kada ki jingina akwatin da bangon da ruwa ke duka ta waje, ki shafe katako da kwali da fenti ciki da baya, ki jefa 'yan ƙunshin silika da ake samu a kwalin sabon takalmi a ciki, can inda yaro ba zai kai ba. Kada ki yi ado da abinci na gaske, ko shinkafa ko gero ko ƙullun fulawa, domin kiyashi da kyankyaso za su biyo. Rana kai tsaye tana kashe launi, ƙurar hunturu kuma burushin kwalliya mai laushi ya ishe ta.

Idan bayan duk wannan maigida ya ce ba ya son ganin gidan a falo yanzu, kada ki mayar da shi abin ja-in-ja. Ki naɗe kayan ki rufe a akwati na wasu watanni, ko ki kai ajiya wurin 'yar'uwar da kika amince da ita, har keke ya shigo zuciya ta sauka, sannan ki sake tayar da maganar. Wasu za su ce ki mayar da shi sana'a. Yana iya yiwuwa nan gaba, amma kada ki yi wa maigida alkawarin riba don ki sami izini, domin aikin yana cin lokaci kuma ba ki gwada kasuwarsa ba tukuna.

Abu ɗaya ya rage da ya fi damuna. Ki lura da lokacin da hannunki yake kai wa ga yin oda. Idan a daren da kewar Mama ta taso ne, idan kuma har yanzu barci ba ya zuwa sai kin gaji da jere, ko abinci ya fita ranki, ko kuka yana zuwa ba dalili, to ki je asibiti ki faɗa wa likita kamar yadda kika faɗa mini, domin baƙin cikin da ya daɗe haka ana duba shi kuma ana samun sauƙi. Ki kuma nemi zama cikin mata, ko a islamiyyar unguwa ko wurin maƙwabciyar da hankalinku ya zo ɗaya, ki riƙa kiran 'yan'uwanki na gida kuna ambaton Mama tare kuna yi mata addu'a. Idan kin zauna da maigida, ki sake rubuto mini abin da ya ce, domin matakin da zai biyo baya ya dogara da amsarsa. Allah Ya daidaita tsakaninku, Ya raya muku zuri'a.